Likkafanin da Ba Nawa Ba

Shekarar nan ta yi wuya. Ban san wata hanyar faɗarta ba, kuma ba zan yi mata ado ba. Ba yunwa aka yi ba, ba annoba ba. Rake ya yi kyau, dawa ta cika rumbu, amma tun da nake ban taɓa shan wuya irin ta wannan shekara ba, ta biyu ce ko ta uku bayan Turawa sun miƙa mulki. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne farin ƙyallen da ke ƙasan akwatina. Na san kun gan shi, na san uwarku ta hana ku tambaya, na kuma san abin da ake gaya muku a kasuwa: wai asiri ne, wai da shi na ɗaure hannun Alhaji Barau a gaban alƙali. Ƙarya ne. Likkafani ne, kuma ba nawa ba ne. Ranar da na mutu kada wani ya yi mini gwaninta ya naɗe ni a ciki.

Garinmu yana tsakanin Makarfi da Kudan, ba sai na kama sunansa ba, tunda jikokin mutanen da zan ambata suna nan kuna cuɗanya da su. Abin da mahaifina ya bar mini fadama ce guda, a bakin rafi, wadda kuke cin arzikinta har yau. Rake nake shukawa, in rani ya yi in kafa injin matsa, tsohon dokina yana zagayawa, ni da uwarku Hansatu muna dafa ruwan a kasko har ya zama mazarƙwaila, in ɗora wa jaki zuwa kasuwar Makarfi, wani lokaci har Ikara. Ta gabas na yi iyaka da Alhaji Barau, mai sayen gyaɗa da auduga, wanda kuma shi ne shugaban jam'iyyar da ta ci zaɓe a garinmu. Tsakanina da shi layin gamba ne, mahaifina ya dasa shi da hannunsa ina riƙe masa butar ruwa. Ni ba ni da jam'iyya. Ranar zaɓe na shiga bayan zana na jefa takardata inda na jefa, na koma wajen kaskona. An ce mana wannan shi ne 'yancin kai, na ce to.

A farkon shekarar aka kawo mana sabon alƙali, Malam Yahuza, siriri, mai sanyin murya, daga wani gidan malamai na cikin birni. Bai daɗe ba aka kawo masa wani tela da wasu samari 'yan hamayya, aka ce sun zagi manya a taro. A lokacin irin wannan ƙara ba ta ɗaukar ko lokacin cin goro: bulala ce, sai gidan yari. Shi kuwa sai ya ce a kawo wanda ya ji zagin da kunnensa. Aka kawo mutum, ya ce an ce masa. Aka kawo wani, shi ma an ce masa. Malam Yahuza ya sallami telan da samarin, ya ce su tafi gida.

Ba a yi shela ba, ba a buga ganga ba. Ban taɓa jin bakin da ya ba da umurnin ba. Kawai sai gari ya rufe a kansa. Mahauci ya ce nama ya ƙare alhali ga cinya a rataye. Mai ruwa ya daina bi ta ƙofar gidansa. Matan gari suka daina shiga wajen iyalinsa, har ya kwashe su ya mayar birni ya zauna shi kaɗai. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sallama. Kun san yadda muke, ko maƙiyinka ya yi maka sallama sai ka amsa, in ya so ka zage shi daga baya. Amma Malam Yahuza zai iso majalisa cike da dattawa ya yi sallama, sai kowa ya shiga duban tafin ƙafarsa. Ba mai ɗaga kai. Yakan tsaya kaɗan, kamar mai jiran a gama wata magana, sannan ya amsa wa kansa a hankali ya wuce. A masallaci, inda ake haɗa kafaɗa da kafaɗa, sai ka ga giɓi a damansa da hagunsa, daidai faɗin mutum guda, kamar akwai waɗansu a tsaye a wurin da mu ba ma gani.

Aka kuma daina kai masa ƙara. Mai rikicin aure, mai rikicin gado, kowa sai zauren Alhaji Barau, a can ake yankewa. Amma shi bai fasa zama ba. Kotun soro ce mai ƙofa biyu, a bakin hanyar da nake bi zuwa fadama. Kullum da hantsi zan ga an share, an shimfiɗa tabarmi, yana zaune a kan buzunsa da rawaninsa. Muhutinsa ma, mai rubuta masa shari'a, ya tsiri ciwon da ba ya warkewa, ya daina zuwa. Saura Sambo masinja kaɗai, wani tsohon soja mai ido ɗaya. Sambo zai fito bakin ƙofa ya dubi filin da ba kowa sai kaji, ya ɗaga murya:

"Akwai mai ƙara? Mai ƙara ya matso!"

Ya jira. Ya sake kira. Sannan ya juya ciki ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, babu." Malam ya ce, "To, mu jira." Haka za su zauna har azahar. Jakina kansa ba ya son wucewa ta wurin, sai na ja shi. Ni ma in na zo daidai ƙofar nakan kau da kai kamar kowa, don ina da iyali.

Da bazara ta shigo, wata safiya na isa fadama na tsaya ina kallon wuri kamar baƙo. Gamba tana nan, layinta a miƙe, kore shar. Amma ba a inda na san ta ba. An tone ta da saiwarta, an matso da ita can cikin gonata, an dasa, an take ƙasar, har an ba ta ruwa. Inda take a da an baje shi sumul, ko rami ba a bari ba. Fiye da rabin rakena, da gefen da ruwa ke kwanciya, sun koma bayan iyaka. Da sun tumɓuke ta sun watsar da na ji sauƙi, da na san faɗa ne. Amma aikin an yi shi da natsuwa, kamar tun fil azal a nan ta tsiro, har sai da na fara tambayar kaina ko ni ne na ruɗe. Sai na ga kututturen giginya da mahaifina ke ɗaure doki, wanda a da yake tsakiyar gonarmu, yanzu yana cikin ta Alhaji.

Na nufi gidan Baffa Audu, ƙanen mahaifina, domin yana wurin ranar da aka dasa gambar. Na same shi yana tufka igiya. Bai bari na gama ba.

"Na ji," ya ce. "Ka je zauren Alhaji ka cire hula ka durƙusa. Ka ce ka zo neman alfarma. Zai bar maka abin da ya rage."

"Baffa, kai ka riƙe igiyar awo ranar nan."

"Ni? Idona ya mutu, Mati. Jiya ma akuya na yi wa sallama."

"Ta amsa?"

"Ta fi mutanen garin nan kirki, ta ɗaga kai." Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. "Kada ka kira ni shaida. Ina da 'ya'ya mata a gidajen mutanensa."

A gida Hansatu ta ce bin maganar Baffa ya fi. Tana goye da babbanku a lokacin. Ta ce, "Malam, rabin fadama da mutane ya fi fadama duka ba kowa. Wa zai kama maka doki? Wa zai zo suna in na haihu?" Gaskiya ta faɗa, kuma duk abin da ta lissafa sai da ya faru. Iya, mahaifiyata, tana zaune a bakin ɗakinta tana kaɗi har muka gaji. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan," ta ce, "in ka durƙusa bana a kan rabi, baɗi a kan me za ka durƙusa?"

"To ina zan je, Iya? Mai gonar shi ne mai zauren."

"Ba ga wancan bawan Allah da ke zaune shi kaɗai ba? Kullum ina jin ana kiran mai ƙara. Ko ba da kai ake ba?"

Hansatu ta ce, "Iya, wannan kotun ai ko kare ba ya shiga."

Iya ta ce, "Kare ba shi da fadama."

Na yi kwanaki ina juya abin. Ban je don jarumta ba, kada wani ya gaya muku haka. Na je ne don duk lokacin da na yi niyyar zauren Alhaji sai ƙafata ta ƙi, kuma ba wata ƙofa ta uku. Ranar da na tafi, rana ta take, iska ba ta motsi, irin zafin da ke sa gari ya yi tsit. Sambo ya fito ya yi kiransa kamar kullum, yana kallon sama. Na ce, "Ga ni." Ya zabura har sandarsa ta faɗi. Masu zama a gindin ɗorawa suka juyo gaba ɗaya, na ji idanunsu a ƙeyata har na shige.

Ciki da sanyi, da wani ƙamshi kamar na kafur. Na yi sallama, Malam Yahuza ya amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ya daɗe bai ci ba. Na zauna a tabarma na faɗi abin da ke tafe da ni. Ina magana idona yana kan gefen buzunsa, inda wani farin ƙyalle a ninke ya ɗan leƙo. Ya saurare ni har ƙarshe, ya rubuta da kansa, sannan ya ce:

"Kana da shaidu?"

"Gari duka ya sani, Allah gafarta Malam."

"Wa zai shigo nan ya faɗa?"

Na ce babu.

"Mai ƙara shi ke kawo shaidu. In ba ka da su, rantsuwa tana kan wanda ya musa. In Alhaji Barau ya dafa Alƙur'ani ya rantse iyakar nan a nan take tun asali, gona tasa ce, ni da bakina zan faɗa."

Raina ya ɓaci. Ni mutum ne mai baki, kun sani. Na ce, "Malam, a duk garin nan ni kaɗai na tako ƙofarka. Na saida mutuncina na shigo, sai ka ce za ka miƙa masa?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ba gaisuwa ka zo ba, Mati, ƙara ka kawo. In na ba ka don ka shigo, gobe sai in ba shi don ya fi ka ƙarfi. In na iya ɗayan, zan iya ɗayan."

Na fito ina huci. A bakin ƙofa na tambayi Sambo mene ne farin abin nan da yake zaune a kai. Ya ja ni gefe ya rage murya.

"Likkafaninsa ne. Tun ranar da aka naɗa shi ya yanka. Ya ce ba ya son ya yanke wa mutum hukunci ya manta inda za shi. Ni ko shara nake ba na kai tsintsiya wurin."

Kafin la'asar gari ya rufe a kaina ni ma. Na yi sallama a majalisa, aka shiga duban ƙasa. Waɗanda ke kawo rakensu injina suka daina. A kasuwar garinmu na jera mazarƙwaila, mutane suna ratsawa ta gabana kamar tabarmar ba kowa, sai ƙuda. Wani abokina tun na ƙuruciya muka yi kiciɓis a lungu, ya dube ni ido cikin ido, leɓensa ya motsa, sannan ya manna da bango ya wuce. Da daɗewa sai ka fara taɓa jikinka ka ji ko kana nan. A masallaci na sami nawa giɓin. Wata rana na ce tunda mu biyu ne marasa maƙwabta, bari in tsaya kusa da Malam mu toshe wa juna. Ina matsowa sai ya bar wurin ya koma can ƙarshen sahu. Bayan sallah Sambo ya zo ya ce Malam ya ce in yi haƙuri, ina da ƙara a gabansa, bai kamata a ga kafaɗarsa a jikin tawa ba alhali ba a ga ta a jikin ta abokin shari'ata ba. Na ce wa Sambo wannan mutum ko dutse aka sassaƙa. Sambo ya ce, "Dutse ba ya rama. Dubi wuyansa."

Aka kai wa Alhaji sammaci ya ƙi zuwa, aka sake kaiwa ya ce yana da baƙi. Sai kwatsam ya aiko cewa zai zo ranar Alhamis. Baffa Audu ne ya lallaɓo ta bayan danga, bai ko shigo ba, ya gaya mini dalili: an gama magana a sama, ranar Alhamis mota za ta zo daga birni ta ɗauke alƙalin. Alhaji yana so ya kasance a wurin a yi a gabansa.

Ranar filin kotu ya cika, amma ba ka jin komai sai tarin tsofaffi. Ba wanda ya shiga. Suka tsaya daga nesa suna leƙe ta ƙofofin biyu. Alhaji ya iso da hantsi ya yi nisa, cikin babbar riga, ya shigo ba sallama, ya nemi kujera. Malam ya nuna masa tabarmar da nake kai. Ya daɗe a tsaye kafin ya zauna, ya tattare rigarsa kada ta taɓa ni. Aka karanta masa ƙarata, ya ce iyaka tana inda take tun kakanni. Sannan ya gyara zama ya ce:

"Malam, bari in tambaye ka. Mu jama'a suka zaɓa, da rana tsaka, aka ƙirga. Kai wa ya zaɓe ka?"

"Ba kowa, Alhaji."

"To da wane bakin kake kiran wanda jama'a suka ɗora?"

"Jama'a sun ba ku mulki, ban musa ba, kuma ban taɓa hana ku yinsa ba. Amma ba su ba ku gonar Mati ba. In wanda ya ci zaɓe shi ne kuma mai yanke shari'a, wanda ya yi rikici da shi ina za shi? Don shi aka ajiye ni a nan." Ya juya wajen Sambo. "Kawo wa Alhaji buta."

Ban taɓa ganin alwala mai tsawon ta ranar ba. Alhaji ya wanke kowane yatsa kamar zai sayar da shi, yana yi yana duban hanyar birni. Ya ce ruwan ya ƙare, aka ƙaro. Hanya shiru, sai walƙiyar zafi. Da ya rasa abin wankewa ya dawo ya zauna. Sambo ya ɗauko gafakar Alƙur'ani, Malam ya miƙe tsaye don ya karɓa, sai buzun ya zame. Farin ƙyallen ya fito fili, a ninke, ƙamshin kafur ya cika soron. Na ji mutanen waje sun ja da baya, ƙafafu suna jan ƙasa.

Alhaji ya yi ƙoƙarin dariya. "A'a, Malam har an ɗaure kayan tafiya?"

"Kullum a ɗaure suke. Ban san wace motar za ta riga zuwa ba." Ya ɗora gafakar a gaban Alhaji. "Ba na tsorata ka, wajibina ne in tuna maka. Ƙasar da ake rikici a kanta, ni da kai da Mati duk cikinta za mu. In ka san iyakar nan ba a taɓa ta ba, dafa ka rantse, ka tashi da gonarka."

A daidai nan muka ji ta. Can nesa, kamar ƙudan zuma, ƙugin mota. Alhaji ya saki ajiyar zuciya. Ya miƙa hannu, ina kallo, har inuwar yatsunsa ta sauka a kan fatar gafakar. Hannun ya tsaya a nan. Ba wanda ya riƙe shi. Gumi ne kawai yake bin gemunsa yana ɗiga a riga. Mutum ne da ya je Makka a lokacin da zuwa Makka ba wasa ba ne, ya san abin da ke cikin gafakar nan, kuma ya san wanda ya aika da fartanya cikin gonata. Ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Ba zan rantse a gaban alƙalin da an riga an sauke ba."

"Har yanzu ba wanda ya shigo ya ce in tashi. Za ka rantse?"

Ƙugin yana ƙaruwa. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma yi sauri ba, ni kuwa kamar in fizge maganar daga bakinsa. Ya sake tambaya, Alhaji ya kau da kai. Ya tambaya ta ƙarshe, ya jira, har na ji motar ta shigo gari tana kora kaji.

"Ya ƙi rantsuwa, ta koma kan mai ƙara. Mati, kana da alwala?"

Da ita na fito daga gida. Na dafa, na rantse da Allah iyakar gonar mahaifina tana gabas da kututturen giginya, kuma matso da ita aka yi. Ina rufe baki motar tana tsayawa a ƙofa. Malam Yahuza ya ce fadama tawa ce har inda gamba take a da, a mayar da iyaka. Ya rubuta, ya busa tawadar ta bushe.

Mutum biyu suka shigo, baƙi, masu takalma sau ciki. Suka yi sallama, ya amsa. Suka ce ana nemansa a birni yanzu, da kayansa, wani zai zo ya karɓi kotun. Bai tambayi dalili ba. Ya rataya gafakarsa, ya naɗe buzunsa, ya ce wa Sambo ya yafe masa. A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi taron nan duka, ya yi musu sallama. Wallahi ina tsaye, ba wanda ya amsa sai ni da Sambo, sai wata murya can baya da na tabbata ta Baffa Audu ce, ko da yake har ya mutu yana musu. Mota ta tashi. Da muka koma ciki, ƙyallen yana nan a ƙasa inda buzun yake. Ko mantawa ya yi, ko bari ya yi, ban sani ba.

Ga abin da nake so ku riƙe. Hannun Alhaji Barau bai shanye ba, kamar yadda ake faɗa. Da shi ya ci tuwo shekaru masu yawa, ya mutu da ƙibarsa. Sabon alƙalin da aka kawo kuwa a zauren Alhaji yake cin abincin rana, da an mayar masa da maganar da ya juya ta kafin a sauke kwano. Abin da ya hana shi ne labarin da ya bazu cewa ƙyallen yana hannuna, kuma duk wanda ya taɓa gambar Mati hannunsa zai tsaya. Na bar su da tsoronsu, don ina da ku. Amma abin yana ci mini rai har yau. Mutum ya zauna shi kaɗai wata da watanni, ya rasa nama, ya rasa ruwa, ya rasa mai amsa masa sallama, ya yanke hukunci daidai, amma a ƙarshe ba hukuncinsa ne ya tsare gonar ba, tsoron tsumma ne. Ƙasar da sai da irin wannan tsoro talaka zai riƙe gadonsa, ko sau nawa aka jefa takarda a akwati, da sauranta.

Kuma mun ɗanɗana kuɗarmu. Da aka haifi na biyunku, ragon suna mu kaɗai muka ci, sai almajiran da ba su san labari ba. Da Iya ta rasu daminar da ta biyo baya, waɗanda suka ɗauki makara ba su isa a canji hannu ba, tun daga gida har maƙabarta kafaɗata ba ta huta ba. Uwarku ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, wannan kuma ya fi zafi. Shi kuwa Malam Yahuza ban sake ganinsa ba. Na tambaya a birni, aka ce an kai shi can kudu. Wani a Ikara ya ce ya ajiye aiki ya tafi gabas karatu. Wani dattijo a Gubuchi ya rantse ya bi shi sallah a wani ƙauye, amma da na je ba a san mai wannan suna ba. In ya rasu, ban san da me aka rufe shi ba.

A ranar dai, bayan taro ya watse, ni da Sambo muka tsaya a kan ƙyallen muna kallo. Sambo ya ce shi ya ga gawa a yaƙi ba adadi, amma wannan ba zai taɓa ba, kuma in aka bar shi sabon alƙali zai sa a jefa a bola. Na sunkuya na ɗauka. Ba shi da nauyi, kuma da ɗumi, don an daɗe ana zaune a kai. Da na shiga gida Hansatu ta ja goyonta ta shige ɗaki, ta ce ba zai kwana inda yaro yake ba. Iya ta ce in kawo. Ta shafa shi, ta sunsuna, ta gyara ninkin da ya karkace.

"Yadi mai kyau," ta ce. "Kai wannan, gonar fa?"

"An ba ni, Iya."

"To wannan ba a ba ka ba. Mutum ba ya tafiya ba rigarsa. Ka bi shi da ita."

Na sa shi cikin sabuwar ƙwarya na rufe da faifai, na rataye a zaure.

Washegari da na idar da asuba na ɗauki fartanya na tafi fadama. Na tone gambar nan kaf, na mayar da ita gabas da kututturen giginya, na take ƙasar, na ɗebo ruwa na ba ta. Ma'aikatan Alhaji suna tsaye a gonarsu suna kallo, na yi musu sallama, ba su amsa ba. Na gangara rafi na wanke hannuna da ƙasa da ruwa har sai da na ga ba sauran laka a farcena, domin farin yadi ba ya son datti. Sannan na koma gida na sauke ƙwaryar, na ɗora a ka, na kama hanyar Kudan in tari motar birni.